Fararen Kajina da Shirwar Diggi

Kuɗin farko da na taɓa tarawa da gumina, a kan kaji suka ƙare. Bayan mun gama shekarar farko ta difloma aka tura mu SIWES, na samu wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a nan Birnin Kebbi, ina wanke kwalabe ina rubuta sunayen marasa lafiya a rajista. Mai wurin mutumin kirki ne, duk ƙarshen mako sai ya ɗan miƙo mini na mota. Ni kuwa a ƙafa nake zuwa, kuɗin in soke su a ƙasan jaka. Da wata huɗu suka cika na ɗauki biro da takarda na yi irin lissafin da kusan kowane ɗalibi ya taɓa yi. In na sayi 'yan tsaki 25, fararen nan na gidan gona da ake ce wa kokarel, na kai wa Inna a Diggi ta kiwata mini, kafin lokacin furojet ya zo sun zama zakaru. In sayar, in biya kuɗin buga aiki da ɗaure shi, har in samu canji. A kan takarda lissafin ba shi da aibu ko ɗaya.

Na ɗauko su a kwali, 'yan mako biyu, na bi ta Kalgo na isa gida da la'asar. Inna ta buɗe kwalin ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana.

"Wanga yaro, mi kaz zo muna da shi?"

Na shiga yi mata bayani, har da saurin girma da nauyin nama. Ta bari sai da na gama.

"To, Allah shi sa albarka. Amma hwarar kaza ba ta daɗewa gidanga. Shirwa na hangen ta tun daga bisa."

A raina na ce maganar mutanen da ce kawai, irin su kada a yi shara da dare. Ina aji ɗaya a kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, na riga na fara jin kaina.

Kwana uku muka tsare su a akurki, rana ta huɗu muka sake su tsakar gida su yi kiwo tare da 'yan tsakin Inna guda 14 da kajinta biyu suka ƙyanƙyashe. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke biyo baya, amma ni ban taɓa zama na kalle shi da idon mai dukiya ba sai ranar. Inuwa ce ke fara giftawa a ƙasa. Uwar kaza ta yi wani kuka gajere, kafin ka ƙifta ido 'ya'yanta sun ɓace. Wasu sun shige ƙarƙashin rumbu, wasu cikin tarin kara, wasu kuma ko gudu ba su yi ba, sun dai lafe a inda suke. Ɗan tsako ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo in ya lafe a kan ƙasar da ta cakuɗe da ƙaiƙayi da busasshen ganye, ni da nake tsaye taku biyar daga wurin sai na neme shi na rasa. Nawa kuwa kamar an watsa auduga a kan jar ƙasa. Shirwa ta yi shawagi sau biyu, wutsiyar nan tata mai baki biyu tana juyawa, ta sauko ta sura ɗaya ta yi sama. Na bi ta da jifa da takalmi, ƙannena suna ta dariya.

Kwana 16 na yi a gida kafin a koma makaranta, kuma na riƙa rubuta lissafi a bayan littafina. Cikin nawa 25, shirwa ta ɗauke 9. Cikin na Inna 14 ta ɗauke 2, ɗaya daga cikin biyun kuma shi ne wanda ya fi sauran haske a 'ya'yan uwarsa. Da abin ya ishe ta, Inna ta aika aka sayo galura ta jiƙa, muka tsoma waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya, suka koma wani irin ja mai ban dariya. Sura ta ragu na ɗan lokaci, har sabon gashi ya fito fari fat. Sauran labarin ta waya na riƙa jin sa daga bakin ƙanena. Sanyi ya kashe wasu, muzuru ya ci rabonsa, shirwa ba ta daina zuwa ba. Guda 6 suka kai girma.

Ba na ce ku tausaya mini ba ne. Na ba da labarin ne saboda abin da ya faru a aji bayan wata biyu.

Malaminmu na ilmin halittu ya zo kan darasin yadda yanayi ke tankaɗe halittu, wasu su wuce wasu su tsaya a rariya, ya kawo misalin da ke cikin kusan kowane littafi. A Ingila akwai wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi, mai tashi da dare, da rana kuma ya manne a jikin bishiya ya huta. Asalinsa fari ne mai ɗigon baƙi, kamar an barbaɗa masa masoro, kuma haka ɓawon bishiyoyin yake, da farar gansakuka a jiki. Tsuntsu zai wuce shi bai gani ba. A 1848 aka kama wani baƙi ƙirin a birnin Manchester, abin mamaki a lokacin. Zamanin kuwa masana'antu ne ke ƙona kwal dare da rana, hayaƙi ya kashe gansakukar, ya mayar da jikin bishiyoyi kamar bangon madafi. Zuwa 1895, kashi 98 cikin ɗari na wannan ƙwaro a yankin Manchester baƙaƙe ne. A 1953 da 1955 wani masani, Bernard Kettlewell, ya saki farare da baƙaƙe a dajin da hayaƙi ya ɓata kusa da Birmingham da kuma daji mai tsabta a Dorset. A na farko tsuntsaye suka fi cin farare, a na biyu suka fi cin baƙaƙe. Da aka kafa dokar tsabtace iska a 1956 hayaƙi ya ragu, bishiyoyi suka washe, baƙin ya yi ta raguwa har ya koma abin nema.

Ina zaune a layi na uku, amma hankalina yana tsakar gidanmu. Na ɗaga hannu na ba da labarin kajina, aji ya kwashe da dariya, musamman wurin takalmin. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Labarinka ya yi kyau, amma ba gwaji ba ne. Naka marayu ne, ba su da uwar da za ta yi musu kukan gargaɗi. A keji aka haife su, ba su san rumbu ba. Ta yaya ka san launi ne ya kashe su ba maraici ba?"

Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Abubuwa biyu ko uku na canza a lokaci guda, sannan na ɗora laifin a kan ɗaya. Hujjar da ta fi ƙarfi a hannuna ita ce ɗan tsakon Inna mai haske, wanda yake da uwa kuma ya san gida amma aka ɗauke shi, shi kuma guda ɗaya ne tak. Da guda ɗaya ba a yanke hukunci. Malam ya ce in ina son amsa, in samu 'yan tsaki masu launi daban-daban a ƙarƙashin uwa ɗaya, in maimaita a gidaje da yawa. Ya ƙara da cewa shi kansa Kettlewell an yi masa irin wannan suka, an ce yadda ya saki ƙwarin bai yi daidai da yadda suke zama da kansu ba. Sai da wani malamin Jami'ar Cambridge, Michael Majerus, ya sake aikin cikin natsuwa, shekara da shekaru yana sakin ƙwari a lambunsa har guda 4,864, yana kallon waɗanda tsuntsaye ke ɗauka. Ya rasu a 2009, abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2012, kuma ya tabbatar da maganar farko. Wannan ya burge ni fiye da labarin ƙwaron kansa. Mutum ya ƙarar da shekarun ƙarshe na rayuwarsa yana amsa tambaya irin wadda Malam ya yi mini.

Abin da na daɗe ban gane ba, kuma na lura da yawa a ajinmu haka suka rubuta a jarrabawa, shi ne muna cewa ƙwaron "ya canza launi don ya tsira." Babu ƙwaron da ya canza komai. Wanda aka haifa fari, fari ya mutu. Wanda aka haifa baƙi, baƙi ya mutu. Abin da ya canza shi ne wa ya rayu har ya yi ƙwai. Tsuntsu yana cin wanda ya gani, wanda bai gani ba ya kwana ya hayayyafa, 'ya'yansa su ɗauko launinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A maimaita haka shekara 50, sai ka zo ka tarar daji duk baƙaƙe, ka ɗauka dabara suka yi, alhali waɗanda suka rage ne kawai kake gani.

Ina ganin hawainiya ce ke rikita mu. Mun tashi muna ganin ta tana sauya kala a kan reshe, sai muka ɗauka duk ɓad-da-kama haka yake. Akwai kuma fara. Duk wanda ya taɓa bin daji bayan an cinna masa wuta da rani zai ga fara baƙaƙe a kan toka, kuma masana sun nuna cewa wasu nau'o'in fara na Afirka suna yin duhu idan suka zauna a kan ƙonanniyar ƙasa. Wannan canji ne a jikin dabba ɗaya, cikin rayuwarta. Galurar Inna ma haka take, ta ɓoye ɗan tsako na 'yan makonni, amma da ya girma ya haihu, ɗansa ba zai fito da ja ba. Rariyar da muke magana ba ta aiki sai da abin da ake gada. Ita kanta baiwar sauya kala da hawainiya ke da ita gadonta ta yi, kuma ta wannan rariyar kakanninta suka bi.

Da na koma gida hutun tsakiyar zango sai na riƙa kallon kajin Inna da wani ido. Ja, baƙa, toka-toka, wake-wake, mai zanen zabo. Fara ɗaya ce a cikinsu, ita ma tsohuwa mai wayon tsiya. Tun kakata ake kiwon wannan zuriya a gidan, ba wanda ya taɓa zama ya ce ga launin da yake so. Shirwa da shaho da muzuru suna ta ɗiba, abin da suka bari shi ne garken. Su kuwa fararen da na kawo, an fitar da irinsu ne don rayuwar keji, inda akwai rufi a sama da abinci a gaba, inda fari ba laifi ba ne. Na ɗauko dabbar da aka tankaɗe da wata rariya na zuba ta a wata.

Da damina Inna kan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Ku dubi ɗan zabo ranar da ya fito: ruwan ƙasa ne, da ratsi-ratsi a ka da baya, kamar inuwar ciyawa. In ya shiga gona ya lafe, ko ka san yana nan sai ka yi hankali kada ka taka shi. Ko yautai, wanda muke jin tsoro muna yara. A fili yake kwana da rana, a kan ƙasa yake ƙwai ba tare da sheƙa ba, amma sau nawa ka taɓa ganin sa kafin ya tashi daga gaban ƙafarka? Ina yaro na ɗauka asiri ne da shi.

Abokin ɗakina, ɗan sashen akanta, ya ji ina wannan bayani wani dare sai ya tashi zaune. "Wato kai ma ka bi Darwin ke nan? Biri ne kakanka?" Na ce masa ni ban kawo biri ɗakin nan ba, 'yan tsaki 9 na kawo, kuma da kuɗina aka yi darasin. Wanda ya halicci idon shirwa shi ya halicci zanen zabo, kuma in na ƙirga wanda aka sura da wanda aka bari ban fita daga ikonsa ba. Tun a ƙarni na 9 malamin Basra, Al-Jahiz, ya cika littafinsa Kitabul Hayawan da bayanin yadda dabbobi ke farautar juna da hanyoyin da kowace ke bi ta tsira. Shi Darwin ma, da ya fitar da littafinsa a 1859, da dabbobin gida ya buɗe shi, musamman tantabaru, yadda mai kiwo ke zaɓen wadda za ta haihu. Duk mai tantabaru a unguwarku ya san wannan aiki. Abokina bai gamsu duka ba, ni ma ban matsa ba. Manyan tambayoyin da ke bayan wannan suna da masu su. Na ce dai kada tsoron suna ɗaya ya hana mu kallon abin da ke faruwa a tsakar gidanmu, domin wani lokacin abin ya wuce kaji.

Ga dalilin da ya sa na ce haka. Ina neman bayanai a intanet don babi na biyu na furojet ɗina, sai na ci karo da sunan Ambursa a wata tsohuwar takardar bincike ta Turawa. Ambursa dai tamu, ta hanyar Argungu, inda filin jirgin sama yake yanzu. A 1954 aka fara wani shirin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato na wancan lokaci, wato wannan yanki namu. Ana bin gidaje ana fesa magani a bangon ɗakuna, an raba yankin kashi-kashi, wani wuri DDT, wani BHC, wani kuma dieldrin. Da farko sauro ya yi ta mutuwa. Kafin ƙarshen 1955 aka tarar sauron Ambursa yana sauka a bangon da aka fesa wa dieldrin ya tashi lafiya lau. Aka kai irinsa Landan, inda George Davidson na Cibiyar Ross ya yi ta haɗa shi aure da sauron da maganin ke kashewa, ya nuna a 1956 cewa wannan taurin kai gado ne, ƙwayar halitta guda ɗaya ke ɗauke da shi. A takardun binciken na wancan zamani har sunan Diggi na gani, cikin garuruwan da aka kamo sauro don gwaji. Na daɗe ina kallon sunan a fuskar kwamfuta. Shekara biyu ina haddace Manchester, ashe misalin yana bakin ƙofarmu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ko a garuruwan da ba a taɓa yin feshi ba an samu 'yan ƙalilan masu wannan gado. Ke nan maganin bai koya wa sauro komai ba. Masu taurin suna nan tun farko, kamar baƙin ƙwaron 1848, ba wanda ya damu da su. Feshi ya share sauran ya bar musu fili da jinin mutane, sauro kuwa cikin mako biyu ya yi jikoki a kududdufin fadama. A nan mu ne shirwar, kuma abin da ya ɓoye sauron daga gare mu ba launi ba ne, wani abu ne a cikin jikinsa da ido ba ya gani.

Yau ma maganar ba ta mutu ba. An tabbatar a sassa da yawa na Nijeriya cewa sauro ya fara jure irin maganin da ake sa wa gidan sauro. Wannan ba dalilin yar da gidan sauro ba ne, ragar kanta katanga ce, kuma ƙanwata da ta kwanta asibiti bara ta ishe ni hujja. Amma idan na ji Baba da abokansa masu noman shinkafa suna cewa maganin feshin bana ba shi da ƙarfi, jabu ne, sai su ninka awo, gabana kan faɗi. Wani lokacin jabun ne da gaske. Wani lokacin kuma maganin yana nan yadda yake, ƙwarin ne ba na bara ba, jikokin waɗanda suka tsira ne. Ninka awon magani iri ɗaya shekara bayan shekara ƙara matse rariyar ne kawai. Mu da za mu fita da takardar kimiyya, mu ne za a tambaya a majalisar ƙofar gida, kuma ban ga amfanin difloma ba in amsarmu ita ce mu ma jabu ne muke zato.

Kuɗin furojet dai Inna ce ta biya. Ta sayar da zabi huɗu da wata kaza mai zanen zabo da ta fi kowace iya reno, ta aiko mini ta hannun direba, ba ta ce komai a kan lissafina ba. Cikin zakaruna 6 an sayar da 5, kuɗinsu ko rabin abin da na kashe bai kai ba. Na roƙe ta a bar mini ɗaya, babba mai jan tukku, wai ko zai gyara mata iri.

Ranar da na je hutun Sallah na duba tsakar gida ban gan shi ba. Da dare aka kawo mini tuwon shinkafa da miya, ga cinya a sama.

"Inna, ina zakarana?"

"Ga shi nan gabanka. Ya hwara bin kajina. In bar shi shi cika min gida da hwararen ɗiya, in ta yi ma shirwa kiwo?"

Na cinye, har na nemi ƙari.